Hali, Jiha da Gwamnati: Tarihin Juya Kalmar “State” zuwa Hausa, da Misali daga Ƙasar Kornaka

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2025 hukumomin Nijar suka fito da sabon kundin da ake tafiyar da mulkin ƙasa a kansa. A cikinsa an ɗora Hausa a kan matsayin harshen ƙasa, an kuma ajiye Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki. Ko da yake magana ce ta layi biyu a takarda, nauyin da ta aza wa masu nazarin harshe da masu shirya littattafan yaƙi da jahilci ba ƙarami ba ne, domin abubuwan da aka saba bari cikin Faransanci, sai tafinta ya juya su da baka a gaban mahukunta ko alƙali, yanzu suna bukatar tabbatattun kalmomin Hausa waɗanda za a rubuta, a karanta, a kuma yi hukunci da su. Wannan maƙala ta ɗauki kalma guda daga cikin waɗanda ba a buɗe takardar mulki ba a ci karo da su ba, watau “state” ta Ingilishi da ƴar'uwarta “état” ta Faransanci, ta bi sawun yadda Hausawan ɓangarori biyu na iyaka suka yi ta juya ta. An zaɓi ƙasar Kornaka, a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, domin a auna maganar a kan sanannen wuri, inda manomi da makiyayi ke jin rediyon Yamai da na Nijeriya a rana guda.

Asalin kalmar a Turai

Kalmomin biyu jikoki ne na kalmar Latin “status”, wadda ta fito daga aikatau mai ma'anar tsayawa. Ma'anarta ta farko ita ce yadda abu yake tsaye, watau halin da yake ciki, lafiyar jiki ko rashinta, wadatar gida ko talaucinsa. Daga nan ta ɗauki ma'ana ta biyu, wurin da mutum yake tsaye a cikin jama'a, ko shi ɗa ne ko bawa, basarake ko talaka. Da wannan ma'ana ce Faransawa suka kasa jama'arsu rukuni uku, malaman coci da masu sarauta da sauran mutane, suna kiran kowane rukuni “état”. Taron wakilan waɗannan rukunoni da Sarki Luwi na 16 ya kira a watan Mayu na 1789 shi ne ya zama mafarin juyin juya halin Faransa.

Ma'ana ta uku, wadda ta fi wahalar da masu fassara, ta daɗe kafin ta nuna. Marubutan Turai na da sukan yi maganar halin da masarauta take ciki, sa'an nan sannu a hankali aka yar da kalmar masarauta, aka bar ta halin ita kaɗai tana nufin masarautar. A rubutun Makiyabeli, mutumin Italiya wanda ya rubuta littafinsa kan sarauta a 1513, kalmar tana tangal-tangal tsakanin ikon da ke hannun mai mulki da ƙasar da yake mulka. Kafin ƙarni na 17 ya ƙare ta riga ta zama sunan wata hukuma wadda ba ta mutuwa, wadda kuma ta bambanta da sarkin da ke kan gado da talakawan da ake mulka. Ma'ana ta huɗu a Amurka ta tsira. Yankuna 13 da suka ɓalle daga mulkin Ingila a 1776 kowanensu ya ɗauki kansa ƙasa mai cin gashin kanta, ya kira kansa “state”, da suka haɗu cikin tarayya guda kuma sunan bai canza ba. Ta haka kalmar da ke nufin ƙasa baki ɗaya ta koma tana nufin yanki na ƙasa.

Abin lura ga mai nazarin Hausa shi ne kalmar matsayi an gina ta ne a kan tunani iri ɗaya da na Latin ɗin: tushen aikatau tsaya, da ɗafa-goshi ma-, watau wurin tsayawa. Harsunan biyu ba su ari juna ba, hanya ce ɗaya hankalin ɗan'adam ya bi. Kalmar tasha kuwa, wadda Hausa ta aro daga Ingilishi bayan zuwan jirgin ƙasa, daga wannan gida na Latin ta fito, sai dai ba mai jin danginta a bakinsa.

Kalmomin da Hausa take da su tun kafin Turawa

Hausa ba ta taɓa tara waɗannan ma'anoni huɗu a kalma guda ba, kuma yawancin kalmomin da take rarraba su da su daga Larabci suka shigo, ta hannun malamai. Hali ta fito daga tushen Larabci mai ma'anar juyawa da canzawa. Daula ma haka: asalinta zagayowa ce, lokacin da yayi ya faɗo kan wani gida, kamar yadda Abbasiyawa suka kira nasu zamanin bayan sun kawar da Umayyawa a shekarar 750. Turawa sun hangi mulki ta fuskar tsayuwa, Larabawa ta fuskar juyawa. A Larabcin zamani daula ce fassarar “state” ta ma'ana ta uku, kuma marubutan tarihi na Hausa suna cewa Daular Usmaniyya, amma a bakin talaka wanda aka ce yana cikin daula mai jin daɗi ne, mai abin hannu. Jiha kuwa asalinta fuska ce ko wajen da aka dosa, kamar a ce jihar gabas. Ba ta da iyaka, ba ta da shugaba.

Kalmar gida ita ce ƙasa, ita kuwa kayanta sun riga sun yi mata yawa. Ita ce turɓaya, ita ce abin da ake takawa, ita ce kishiyar sama, ita ce kuma yankin da ke bin sarki guda, kamar ƙasar Gobir ko ƙasar Katsina. Tarihin yankin Maraɗi ya nuna cewa a tunanin mutanen da, mulki ya fi rataya a kan sarauta da mabiya fiye da kan shatattun iyakoki. Bayan masu jihadi sun ci birnin Katsina a 1807, gidan sarautar da aka kora ya kafu a Maraɗi wajen 1819 a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, sarakunan kuma suka ci gaba da amsa sunan Sarkin Katsina alhali birnin yana hannun wasu. Haka Gobirawa suka yi a Tsibiri daga 1836. Abzinawan da ke maƙwabtaka da su ta arewa kuwa da sunan tambari suke kiran iko da kuma ƙungiyar ƙabilun da ke amsa kiransa. A duk waɗannan babu wata kalma da ke nufin hukumar da ba ta da fuska, wadda ke nan ko da sarki ko babu.

Jiha ɗaya, ma'ana biyu

Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 sun raba ƙasar Hausa biyu, kowane ɓangare ya shiga koyon sunayen mulki daga harshe dabam. A Nijeriya ta Arewa an sami lardi a ƙarƙashin Razdan, da En'e a hannun sarki, da gunduma a hannun hakimi, an kuma ari kalmar gwamnati daga Ingilishi. Da tsarin mulkin 1946 ya kasa Nijeriya manyan yankuna uku, sai aka ɗauko tsohuwar kalmar nan ta fuska aka ce Jihar Arewa, kuma da wannan suna aka san gwamnatin da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya shugabanta daga 1954 zuwa 1966. Ran 27 ga Mayu 1967 Janar Yakubu Gowon, wanda a lokacin yake da muƙamin Laftanar-Kanar, ya rushe yankunan ya kafa jihohi 12, aka kira su da sunan nan na Amurka. Masu fassara a rediyo da jarida ba su ƙirƙiri sabuwar kalma ba, sun sauko da jiha daga kan babban yanki zuwa kan ƙananan, aka sami Jihar Kano da Jihar Arewa ta Tsakiya da sauransu. Adadin ya kai 19 a 1976, Katsina ta sami tata a 1987, ya kuma tsaya a 36 tun 1996. Tun daga 1967 ke nan, a kunnen Bahaushen Nijeriya mai ilmin boko, jiha da “state” sun zama abu ɗaya.

A ɓangaren Faransa tsarin dabam ne. Akwai kumandan a bisa babban yanki, a ƙarƙashinsa akwai kantuna, kowane kanto da sarkinsa mai tara haraji. Kornaka ɗaya ce daga irin waɗannan kantuna, kuma tun da aka kafa mazaunin mulki a Dakoro a 1947 take binsa. Bayan samun mulkin kai a 1960, dokar 1964 ta kasa Nijar manyan yankuna bakwai, Maraɗi na cikinsu, Dakoro kuma ta zama ƙaramin yanki a ƙarƙashinta. Dokokin 1998 da 2002 sun sake sunayen matakan, har sunan Faransanci da ake kiran Maraɗi da shi a da ya sauko kan Dakoro, sa'an nan aka kafa ƙananan hukumomi waɗanda aka yi zaɓensu na farko a 2004. A wannan rabo kanton Kornaka ya kasu ƙananan hukumomi biyar: Kornaka, da Ajekoriya, da Ɗan Gulbi, da Mayara, da Sabon Mashi. Saboda haka ko sunan Kornaka shi kansa yana da ma'ana uku a yau, gari da ƙaramar hukuma da ƙasar sarki, kuma mai shirya cibiyoyin karatun manya wanda bai tantance wadda ake nufi ba yana iya ƙirga mutanen ƙaramar hukuma guda a maimakon na biyar.

Gidajen rediyon Hausa suna cewa jihar Maraɗi kamar yadda suke cewa jihar Katsina, amma abubuwan biyu ba ɗaya ba ne. Jihar Nijeriya ɓangare ce na tarayya, tana da majalisar da ke yin doka, da kotunanta, da gwamnan da jama'a ke zaɓa a lokacin mulkin farar hula. Nijar kuwa dunƙulalliyar ƙasa ce, doka daga Yamai take fitowa, gwamnan Maraɗi ma daga can ake naɗo shi. Ɗan kasuwar Kornaka da ya bi ta Ɗan Isa ya shiga Jibiya ya fita daga wata jiha ya shiga wata, kalmar ba ta canza ba amma ma'anarta ta canza a kan iyaka.

Ga inda haɗarin yake. A Faransancin ofisoshin Nijar “État” ba ta taɓa nufin yanki na ƙasa ba, ƙasar take nufi baki ɗayanta. Amma mafi yawan ƙamusoshin Hausa da littattafan kalmomin fannu a Nijeriya aka shirya su, tsakanin Hausa da Ingilishi. Tsofaffin, irin na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, sun riga kafa jihohi, ba za su nuna wannan canji ba. Na baya kuwa sun ginu a kan tsarin tarayya. Mai fassara a Maraɗi da ya bi ta Ingilishi ya nemo kalmar zai tarar da jiha tana jiransa, sai ya mai da shugaban ƙasa shugaban jiha, kasafin kuɗin ƙasa ya zama na jiha, makarantar gwamnati ta zama makarantar jiha. Mai karatu a Kornaka zai ɗauka da gwamnan Maraɗi ake. Yanzu da Ingilishi ya shiga cikin harsunan aiki, ƙofar wannan kuskure ta ƙara faɗi. Faransanci yana bambanta ma'anar mulki da ta hali ta wajen rubuta ta farkon da babban baƙi, sai dai babban baƙi ba ya fita a rediyo, ba ya kuma fita a bakin malamin da ke karanta wa ɗalibai takarda.

Inda aka bar kalma aka bi ma'ana, fassara ta yi kyau. Ba wanda ya nemi kalmar ƙasa ko ta hali da aka zo juya sunan abin da sojoji suka yi ran 15 ga Afrilu 1974, lokacin da Seyni Kountché ya kawar da Diori Hamani. Cewa aka yi juyin mulki, kowa kuma ya gane. Haka matakin gaggawa irin wanda aka kafa a jihar Diffa a watan Fabrairu na 2015, wanda a harsunan Turai biyun sunansa ya ƙunshi kalmar hali, Hausa ta kira shi dokar ta-ɓaci, ta ambaci dokar ta kuma ambaci dalilinta.

Takardar haihuwa da burtali

Akwai wurare biyu da wannan magana ta taɓa rayuwar mutanen karkara kai tsaye. Na farko shi ne ofishin da ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa, wanda sunansa na Faransanci “état civil” ne. A nan kalmar tana ɗauke da ma'ana ta biyu, matsayin mutum a gaban doka: ɗan wane ne, yaushe aka haife shi, yana da aure ko babu. Kalmar da ke biye da ita kuwa kishiyar coci ce, ba kishiyar soja ba, domin a 1792 ne Faransa ta karɓe waɗannan littattafai daga hannun limaman coci ta miƙa wa hukumomin gari. Wanda ya juya sunan kalma bayan kalma zai iya fitowa da gwamnatin farar hula, abin da a ƙasar da aka yi juyin mulki a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023 yake da wata ma'ana dabam ƙwarai. Alhali abin da ake so uwa ko uba su fahimta shi ne a rubuta jariri cikin wa'adin da doka ta yanke, in kuwa wa'adin ya wuce sai an nemi hukuncin alƙali kafin yaro ya sami takardar da zai zauna jarrabawa ko ya karɓi katin ɗan ƙasa da ita. Littafin karatun manya ya fi kyau ya ce rajistar haihuwa da aure da mutuwa, ko da ta fi tsawo.

Na biyu ya fi wannan wuya, shi ne maganar filaye. Dokar watan Mayu na 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta keɓe abin da ke bayanta domin kiwo. A yankin Dakoro da kwarin Tarka ake danganta wannan iyaka. Kornaka tana kudu da ita, cikin ƙasar noma, amma garken da ke sauka kudu bayan girbi su koma arewa da faɗuwar damina ta cikin gonakinta suke ratsawa. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun sa burtali da makiyaya da mashaya cikin dukiyar “État”, ba a nome su, ba a sayar da su. Yaya za a faɗi wannan da Hausa? Ba a cewa ƙasar ƙasa. Abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne filin gwamnati, amma gwamnati a fahimtar jama'a mutane ne masu suna, waɗanda ke hawa su sauka. Faransanci da Ingilishi suna da kalma dabam ta gwamnati daidai domin su raba masu riƙo da abin da aka ba su riƙo. In aka haɗe su a Hausa, manomin da ya ci gefen burtali yana da hujjar da harshe ya ba shi, cewa gwamnatin da ta hana ta riga ta faɗi. In kuma aka ce filin kowa da kowa ne, to abin kowa shi ne wanda ba mai tsaronsa.

A nan tsohuwar kalmar hurumi ta cancanci a dube ta. Hausawa sun san ta da ma'anar filin da aka keɓe a gefen gari, wanda ba a nomawa, ba kuma ya zama na wani don sarki ya rasu an naɗa sabo. Dawwamar nan ita ce ainihin abin da dokar take nufi. Hurumin ƙasa ya fi filin gwamnati kusa da manufa, ko da yake sai an jarraba shi a bakin manoma da makiyaya, Hausawa da Fulani da Abzinawa, kafin a sa shi a littafi, tun da ƴan boko sun fi sanin kalmar da sabuwar ma'anarta ta iyakar ikon kotu ko na ma'aikaci.

Hali da rubutunsa

Saura ma'ana ta farko, wadda ake gani kamar ba ta da matsala. Ƴan jarida na yanzu sun fi karkata ga yanayi, har ta kusa zama kalmar kome, daga iska da ruwan sama zuwa tsaro da siyasa, amma hali ce tsohuwar kalmar kuma ita ce ta karkara. Matsalarta ita ce kalmomi biyu ne suka sa riga ɗaya. Akwai mai dogon wasali a gaɓar farko, wadda ke nufin abin da mutum yake ciki, da dama, da wadata, kamar a ce mai hali, ko in da hali, ko a halin yanzu. Akwai kuma mai gajeren wasali, wadda ke nufin ɗabi'a, ita ce ta karin maganar nan hali zanen dutse. Ɗaya tana canzawa kamar yadda asalinta ya nuna, ɗayar an ce ba ta kankaruwa.

Da aka soma yaƙi da jahilci cikin harsunan gida a Nijar a farkon shekarun 1960, musamman bayan taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966, ƙa'idar rubutun da aka bi tana ninka dogon wasali, saboda haka littattafai da jaridun manya na wancan lokaci suna rubuta haalii dabam da halii. Nijeriya ba ta bi wannan ƙa'ida ba. Taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a watan Janairu na 1980 ya karkata ga tsarin da ba ya nuna tsawon wasali, domin Bahaushen Maraɗi da na Kano su karanta littafi ɗaya. Ribar da aka samu tana da yawa, amma kalmomin biyu sun haɗe a takarda. Gwanin karatu yana raba su daga abin da ke kewaye da su, sabon ɗalibi mai harhaɗa baƙi da wasali kuwa ba ya iyawa. Jimla irin “halin mutanen garin ya canza bayan farin 1984” tana iya zama bayanin talauci, tana kuma iya zama zargi, kuma ɗalibin da ya karanta ta da gajeren wasali a gaban dattawan garinsu ya zage su bai sani ba. Hausar baka ta daɗe da maganin wannan, domin in ana nufin ma'ana ta farko akan ce halin da mutanen garin suke ciki. Ƙarin kalmomi uku ne kawai, kuma a littattafan matakin farko, inda akan datse jimla don a sauƙaƙa ta, waɗannan ukun ne bai kamata a datse ba.